Ƙirar Amalanke: Sassansa, Matakan Haɗa Shi da Ƙa'idojin Awo

1.0 Gabatarwa

Sufuri na ɗaya daga cikin manyan buƙatun manomi a ƙasar Hausa. Da rani yana kai taki gona, da kaka yana kwaso amfani zuwa gida, ranar kasuwa kuma yana fitar da abin da zai sayar. Tsakanin waɗannan lokuta akwai ɗiban ruwa da itace da yashi da ƙasar gini. A ƙauyuka da dama, amalanke ne ke ɗauke wa manomi wannan wahala. Masu walda da maƙeran gari su ne ke haɗa shi, sau da yawa a gaban idon mai shi, kuma da kayan da shi da kansa ya sayo.

A wannan babi za a yi bayanin asalin amalanke da sassansa da matakan da ake bi wajen ƙera shi, tare da nau'insa mai juye kaya. Babban abin da ake son ɗalibi ya riƙe shi ne, ingancin amalanke yana tabbata ne tun a wajen awo, kafin a kunna wutar walda. Kuskuren taƙi ɗaya a wurin dasa ƙafafunsa yana iya zama miki a wuyan sa, wanda shi ne mafi tsadar jarin da ƙaramin manomi ya mallaka.

2.0 Ma'ana da Asalin Amalanke

Amalanke abin ɗaukar kaya ne mai ƙafa biyu wanda ba shi da inji, sai dai a ja shi ko a tura shi. Hausa ta aro kalmar ne daga Yarabanci, inda take nufin keken turawa na 'yan dako. Da tafiya ta yi nisa sai ma'anarta ta faɗaɗa, ta haɗa da wanda shanu ko jaki ke ja. Ya bambanta da kura, wadda 'yan garuwa ke jera jarkoki a kanta su tura da hannu, haka kuma ya bambanta da baro mai ƙafa ɗaya.

Kafin zuwan Turawa, Hausawa ba su dogara da abin sufuri mai ƙafafun gangarawa ba. Fatake sun yi amfani da jakuna da takarkarai da raƙuma da 'yan dako, manomi kuwa ya riƙa kai taki gona a cikin mangala bisa jaki. Sauyi ya fara ne bayan an kafa tashar binciken aikin gona ta Samaru a shekarar 1922. Zuwa ƙarshen shekarun 1920, hukumar aikin gona ta fara koya wa manoma huɗa da shanu, ana ba su rancen shanu biyu da garma ta hannun En'e. Da manomi ya mallaki shanun da suka saba da karkiya, sai ya ga babu dalilin da zai sa su zauna a turke duk tsawon rani suna cin abinci ba aiki.

Abin da ya sa amalanke ya yaɗu sosai shi ne yawaitar tsofaffin kayan mota da injin walda, musamman daga shekarun 1970. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a shekarar 1975, kuma idan irin waɗannan motoci suka tsufa, ƙafafunsu da ƙarafansu kan koma hannun masu ƙira. Kasuwanni irin su Fanteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano sun shahara wajen samar da ƙarafa da tsofaffin kayan mota. A Jamhuriyar Nijar ma amalanke ya zama ruwan dare, kuma a can ana yawan ganin na jaki tare da na shanu.

3.0 Sassan Amalanke

Amalanken shanu yana da manyan sassa biyar:

(a) Aksul da ƙafafu. Aksul shi ne ƙarfen da ya ratsa ƙarƙashin amalanke ya haɗa ƙafafunsa biyu. A kowane gefe nasa akwai boris, wanda ke sa wili ya juya ba tare da gurzawa ba, sannan ga taya.

(b) Firam. Shi ne ƙashin bayan amalanke. Ana yin sa da ƙarafa masu kauri, ya zauna a kan aksul, ya ɗauki akwati.

(c) Akwati. Nan ake zuba kaya. Ya ƙunshi daɓe da bangaye huɗu, na baya kuma akan yi shi yadda za a iya zare shi.

(d) Sandar ja. Dogon bututun ƙarfe ne da ya taso daga ƙarƙashin firam, ya ratsa tsakanin shanun biyu, ya ƙare a jikin karkiya.

(e) Karkiya. Itace ne da ake ɗora wa shanu a wuya, a gaban tozo. Ta nan ƙarfinsu ke isa ga amalanke.

Amalanken jaki ya sha bamban ta fuska ɗaya. Yana da sanduna biyu, jakin yana shiga tsakaninsu, nauyinsu ya sauka a kan akumari, shi kuma ya ja da ɗamara mai faɗi da aka zagaya masa a ƙirji. Jaki ba shi da tozo, don haka karkiya ba ta dace da shi ba.

4.0 Kayan Aiki

Mai son haɗa amalanke zai tanadi aksul da wili biyu da tayoyi masu girma ɗaya, da ƙarafa masu kusurwa na firam, da bututu mai kauri, da katako ko farantin ƙarfe na daɓe, da notuna da giris da fenti. Shi kuma mai walda yana buƙatar injin walda da tsinkayensa, da zarto ko injin yankan ƙarfe, da injin huda, da guduma da tef na awo da alli.

Aksul shi ya fi komai buƙatar kaifin ido wajen saye. A duba ko ya lanƙwashe, a juya kowace ƙafa a saurara. Boris ɗin da ke ƙara ko yake girgiɗi ya mutu, sai an canza shi. Yana da kyau kuma a zaɓi girman tayar da ake samu a wurin faci na garin da amalanken zai yi aiki, domin tayar da sai an je birni nemanta tana iya zaunar da shanu mako guda a tsakiyar kaka. Ƙarfen da tsatsa ta ci har ya yi laushi kuwa, kome arhar sa a bar shi, don Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Wajen katako, maɗaci da darbejiya suna da ƙarko kuma gara ba ta saurin cin su, amma sai sun bushe sarai kafin a yi aiki da su.

5.0 Matakan Ƙira

Mataki na farko shi ne yanke shawara a kan aikin da amalanken zai yi da dabbar da za ta ja shi. Shanu biyu masu ƙoshin lafiya suna iya jan kimanin kilo 1,000, wato buhu 10 na hatsi, a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya mai tauri. A cikin rairayi ko a kan hawa sai an rage. Jaki ɗaya kuwa buhu 3 zuwa 4 sun ishe shi. Daga nan ake fitar da girman akwati. Za mu ɗauki misalin akwati mai tsawon mita 2, faɗin mita 1.25, da zurfin santimita 40.

Mataki na biyu shi ne yanka ƙarafan firam da jera su a kan daɓe wanda ba shi da tudu ko kwari. Za a jera dogaye biyu da gajeru biyu su yi kusurwa huɗu, a sa wasu ƙarafan su gitta a tsakiya domin su tallabi daɓe. Kafin a yi walda sai an tabbatar firam ɗin bai karkace ba. Hanyar gane haka mai sauƙi ce: a auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, sannan a auna daga ta gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama. Idan awon biyu ya zo ɗaya, firam ya daidaita.

Mataki na uku shi ne walda. Zafin wuta yana sa ƙarfe ya janye, saboda haka ƙwararren mai walda ba ya cinye gaɓa ɗaya gaba ɗaya tun farko. Yakan ɗiga walda kaɗan a kowace gaɓa don ta riƙe, ya sake awo, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sauya gefe. Tun ran gini ran zane, domin firam ɗin da aka gama wa walda a karkace ba ya gyaruwa sai an yanka shi.

Mataki na huɗu shi ne ɗora firam a kan aksul. A misalinmu, tsakiyar akwati tana santimita 100 daga gaba, sai a dasa aksul a wajen santimita 110, wato a ɗan gusa shi baya kaɗan. Za a kawo dalilin haka a sashe na gaba. An fi son a ɗaure aksul da lanƙwasassun ƙarafa da notuna, domin a iya kwance shi ranar gyara. A kuma bar rata tsakanin taya da akwati yadda ba za su gogi juna ba idan an yi lodi ko laka ta liƙe.

Mataki na biyar shi ne sanya sandar ja. Kada a liƙa ta a goshin firam kawai, domin nan ne wurin da ya fi karyewa. A shigar da ita can ƙarƙashi har ta kusa aksul, a kama ta a wurare biyu ko uku, a ƙara mata tokare biyu daga gefe. Sannan a auna daga bakin sandar zuwa ƙafar dama, a auna zuwa ta hagu. Idan awon ya saɓa, amalanken zai riƙa tafiya a kaikaice, taya ta riƙa cinyewa ta gefe guda, sa ɗaya kuma ya fi ɗan'uwansa shan wahala. Tsawon sandar ya zama akwati ba ya dukan ƙafafun shanu na baya, tsayinta kuma ya zama daɓe yana kwance daidai idan an ɗaura karkiya.

Mataki na ƙarshe shi ne daɓe da bangaye da fenti. Akan ɗaure katako da noti don a iya canza wanda ya ruɓe. A goge duk wani tsini da kaifi da zai iya yaga buhu ko ya ji wa dabba rauni, a kankare tsatsa, a shafa fenti, a cika boris da giris. Karkiya kuwa a sassaƙe ta ta yi sumul, musamman inda take taɓa wuya.

6.0 Daidaiton Nauyi

Amalanke mai ƙafa biyu yana aiki ne tamkar sikeli, aksul ne tsakiyarsa. Idan nauyi ya rinjaya gaba, sai ya danne wuyan shanu. Idan ya rinjaya baya, sai sandar ja ta ɗaga sama, igiyar da ke ƙarƙashin wuyansu ta shaƙe su. Abin da ake so shi ne tayoyi su ɗauki kusan dukkan nauyin, ɗan kaɗan ya sauka a kan karkiya domin ta zauna daram.

Ana iya lissafa nauyin da ke sauka a wuyan shanu. A ninka nauyin kaya da tazarar da ke tsakanin tsakiyar kayan da aksul, sannan a raba da tazarar da ke tsakanin aksul da karkiya. A ɗauka an ɗora buhu 7, wato kilo 700, kuma daga aksul zuwa karkiya santimita 350 ne. Idan tsakiyar kayan tana santimita 10 a gaban aksul, lissafin zai zama 700 sau 10 a raba da 350, wato kilo 20, ban da nauyin ita sandar kanta. Wannan ba ya damun shanu. Amma idan an dasa aksul can baya, ko an jibge buhunan a gaba har tazarar ta kai santimita 50, nauyin zai zama kilo 100. Kaya ba su ƙaru ba, amma wahalar wuya ta ninka sau 5. Daga nan kumburi da miki ke farawa, kuma san da ya yi miki a wuya ba ya ɗaukar karkiya sai ya warke. Idan hakan ya faɗo a farkon damina, manomi ya rasa huɗa a lokacin da ya fi buƙatarta.

Haka kuma, cikar akwati ba ita ce ma'aunin lodi ba. Akwatin da muka yi misali da shi yana cin mita ɗaya ta kowace fuska idan an dunƙule shi. Idan an cika shi da dawa, nauyin zai kai kimanin kilo 750. Ruwa mai wannan yawa kilo 1,000 ne, wato duro 5 masu cin lita 200. Busasshen yashi kuwa zai kai kimanin kilo 1,600, jiƙaƙƙe ya fi haka. Saboda haka mai ɗiban yashi ya tsaya a rabin akwati. Kara da harawa ba su da nauyi, amma idan aka tula su suka yi tsayi, suna rinjayar amalanke baya a kan hawa, su rinjaye shi gaba a kan gangara, kuma suna sa shi saurin kifewa a hanya mai kwazazzabo.

7.0 Amalanke Mai Juye Kaya

Sauke taki ko yashi da shebur yana cin lokaci da ƙarfi. Wasu kan kwance shanu su ɗaga sandar ja sama don kayan su zube, sannan su sake ɗaurawa. Amalanke mai juyewa yana kawar da wannan wahala, domin yana aiki irin na motar tifa.

Bambancinsa shi ne yana da firam biyu. Na ƙasa yana haɗe da aksul da sandar ja, ba ya motsi. Na sama yana ɗauke da akwati, an haɗa shi da na ƙasa da hinji biyu masu ƙarfi. Ana sanya hinjin a ɗan bayan tsakiyar akwati, yadda nauyi zai kwantar da shi gaba a lokacin tafiya, amma mutum ɗaya ya iya ɗaga goshinsa idan an zo juyewa. A gaba kuma akan sa sakata mai makulli, don kada akwatin ya tashi da kansa a kan hanya. Dole firam na ƙasa ya ƙare a daidai hinji, domin bayan akwati ya sami wurin sauka.

Busasshen yashi yana fara zamewa idan akwati ya karkata da digiri 30 zuwa 35, amma ɗanyen taki da laka suna buƙatar digiri 45 ko fiye. Idan bayan akwati ya cika tsawo, ko hinji ya yi kusa da ƙasa, akwatin zai dafa ƙasa tun bai kai wannan karkata ba, rabin kayan ya maƙale. Daɓen farantin ƙarfe ya fi na katako sulɓi, don haka ya fi dacewa da wannan nau'i. A lokacin juyewa, wani ya riƙe shanu, domin sandar ja takan fizga sama sa'ad da nauyi ya koma baya.

Manyan tirelolin da tarakta ke ja suna bin wannan tsari, sai dai hinjinsu yana can ƙarshen baya, kuma jak mai aiki da matsin mai ne ke ɗaga akwatin. Ƙa'ida ce kada kowa ya shiga ƙarƙashin akwatin da aka ɗaga sai an tokare shi da ƙarfe ko gungume.

8.0 Matakan Kariya da Kulawa

Hasken walda yana ƙona ido, don haka mai walda da yaransa su rufe fuska da gilashin da aka yi domin wannan aiki. Kada a taɓa yin walda a jikin wili alhali taya na kansa, domin zafi yana iya fasa ta ta hallaka na kusa. Haka kuma kada a yanka duron da ya taɓa ɗaukar fetur da wuta.

Yawancin amalanke ba su da birki. A kan gangara kaya kan turo karkiya zuwa ƙahonin shanu, don haka a rage lodi, a tafi sannu, a riƙa tafiya da guntun gungume na tare ƙafa. Wanda zai hau titi da magariba ko da asuba ya liƙa wa amalankensa kyalle mai ƙyalli a baya da gefe, domin direba ba ya hango shi a duhu sai ya zo daf da shi.

Wajibi ne kuma a bambance amalanke da tirelar da mota ke ja. Shanu suna tafiyar kilomita 3 zuwa 4 a awa, shi ya sa amalanke ke iya zama ba sifirin. Tirelar mota kuwa tana buƙatar sifirin da fitilu da ƙugiya ta musamman da sarƙoƙin ko-ta-kwana, kuma akan so kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta ya sauka a kan ƙugiya, in ba haka ba sai ta riƙa lilo a guje har ta kifar da motar. Ɗaura amalanken shanu a bayan mota ko babur ganganci ne.

Wajen kulawa, a riƙa duba iskar taya da ɗaurin notuna, a sabunta giris kafin kaka da bayan damina, a ajiye amalanke a inuwa don kada rana ta tsattsaga tayoyi. A wanke akwati bayan ɗiban taki ko takin zamani, domin duka biyun suna cin ƙarfe.

9.0 Amfanin Wannan Darasi ga Malamin Hausa

Ƙirar amalanke misali ce ta yadda zamani ya shiga sana'ar ƙira ta gargajiya. Maƙeri da masassaƙi da kafinta da mai walda duk suna da hannu a ciki. Tana kuma nuna yadda harshe ke bunƙasa. Karkiya da tozo da mangala da akumari kalmomi ne da Hausa ta daɗe da su, amalanke ta zo daga Yarabanci, taya da walda da boris da giris da noti kuwa daga Ingilishi, kuma duk sun bi tsarin furucin Hausa. Malami na iya kai ɗalibansa wurin mai walda, su ga aikin da idonsu, su tattara sunayen kayan aiki daga bakinsa, sannan su rubuta insha'i na bayani mai bin matakai daki-daki. Da yawa daga cikin ɗaliban karkara su ne ke kora shanun gidajensu, saboda haka abin da suka koya game da lodi zai yi aiki tun daga ranar.

10.0 Kammalawa

An ga cewa amalanke ya samu ne daga haɗuwar noman shanu da tsofaffin kayan mota da sana'ar walda. An kuma bayyana sassansa biyar da matakan haɗa shi da tsarin mai juye kaya. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a shekarar 2023 kuɗin mota ya tashi ƙwarai, wanda hakan ya ƙara wa abin sufurin da ba ya shan mai daraja a wurin manomi. Amma amfaninsa ya rataya ne a kan awo uku: daidaiton firam, da miƙewar sandar ja, da mazaunin aksul. Wanda ya kiyaye su, ya kuma san iyakar lodinsa, zai daɗe yana morar amalankensa da shanunsa.

Tambayoyi

1. Kawo sassan amalanken shanu guda biyar, ka bayyana aikin kowanne.
2. Ta yaya ake gane cewa firam bai karkace ba kafin a yi masa walda?
3. An ɗora kilo 525 a kan amalanke, tsakiyar kayan tana santimita 20 a gaban aksul, daga aksul zuwa karkiya kuma santimita 350 ne. Nawa ne nauyin da zai sauka a wuyan shanu?
4. Me ya bambanta amalanke mai juyewa da wanda ba ya juyewa?
5. Ziyarci wani mai walda a garinku, ka tattaro kalmomi 20 na sana'arsa, ka rarrabe na asali da na aro.